Jarkar da Na Ɗauko Daga Dapaong

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa a gaban mahaifina da malaman unguwarmu ta Komah goma sha uku ba, riƙe da jarka mai ruwan ɗorawa, ina murmushi kamar wadda ta dawo daga Makka da tsaraba. Maigidana ya rasu a daminar da ta wuce, Allah Ya jiƙansa. Abokan aikinsa na jami'a sun zo gaisuwa, wani daga cikinsu ya roƙe ni in rubuta wani abu a kan aikinsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban isa in auna littattafansa ba. Abin da nake da shi wannan labarin ne. Shi ya fi ni iya ba da shi, ni kuma kullum nake hana shi.

Dokta (haka kowa ke kiransa, har ni) malamin tarihi ne. Amma ba tarihin sarakuna ko na yaƙi ba. Tarihin abin sha. Bari in daina kwana-kwana: tarihin burkutu. A Faransa ya yi karatu, a hannun wani tsohon Bature da ya ƙarar da rayuwarsa a kan giyar tuffa ta ƙauyensu, yaushe aka fara matsa ta, wa ya sha, wa ya hana, wa ya sa mata haraji. Baturen ya ce masa, ai ku ma kuna da taku, je ka rubuta. Shi ke nan, mutumin da bai taɓa sa ɗigo a bakinsa ba, wanda sallar asuba ba ta wuce shi a jam'i, ya dawo gida da babban digiri a kan abin da ko warinsa ba ya so. (Idan sun je taron masana, shi kaɗai ke tuna abin da aka tattauna washegari. Shi ya sa kullum shi ne sakatare.)

Ni kuwa 'yar Alfa ce, wato malami, kamar yadda muke cewa a Sokodé. Mahaifina mutum ne mai sauƙi a komai ban da abu ɗaya. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa gidan da giya ke ciyar da shi, ba ya cin tuwonsa, kuma mutumin gidan ba ya kwana a ƙarƙashin rufinsa. To da Dokta ya zo neman aurena, Baba ya aiko Inna ta tambaye ni me yaron yake koyarwa. Na ce, “Tarihin dawa.” Ban ɗauke ta ƙarya ba a lokacin. Ai da dawa ake yi. Tsayawa kawai na yi a tsakiyar hanya.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ga ilimi mai amfani, ba irin na masu koyon kukan Turawa ba. Da na gaya wa Dokta abin da na yi, ya dube ni ya ce, “Ni ba zan tona ki ba. Amma ranar da ya tambaye ni kai tsaye, zan faɗa masa.”

Shekara tara maganar na zaune lafiya, domin a Lomé muke, sai da Sallah muke zuwa gida, kwana biyu mu juya. A kwana biyu Baba ba ya wuce tambayar kuɗin buhu da maganin ƙwari, Dokta kuwa ya san waɗannan, tunda matan da yake bincike a wurinsu ba su da hirar da ta wuce su.

Sai aka shiga farkon shekarun casa'in, guguwar dimokuraɗiyya ta taso. Kowa ya zama mai jawabi. Mai shayin bakin layinmu ma sai ya ɗaga hannu ya nemi izinin magana kafin ya zuba maka madara. Daga jawabi aka koma ƙona taya, daga taya aka koma harbi, aka shiga yajin aikin da ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Aka rufe jami'a. Muka kwashi yara uku muka yi arewa, Baba ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan zaurensa. Iyayen Dokta sun rasu tun yana ɗalibi, gidansu ya zama kango. Idan Baba ya ce mu fita, ba mu da inda za mu dosa da yaran. Wannan nake so mai karatu ya riƙe.

Yanzu ba kwana biyu ba ne, kullum ne. Baba ya shiga nuna surukinsa ga duk wanda ya shigo zaure. “Wannan ne masanin dawa, daga Faransa.” Manoma suka fara zuwa har daga Sotouboua, riƙe da zangarniyar da ta yi baƙi, suna neman magani. Dokta ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce a gwada toka. (Wani ya dawo ya ce tokar ta yi aiki, ya kawo zabi biyu. Dokta bai iya cin naman ba.) Cikin wata biyu ya rame, ba don yunwa ba.

Rannan ya ce min zai je garin Dapaong, can ƙarshen arewa, ya ƙarasa babin ƙarshe na littafinsa, kuma yana buƙatata. Akwai wata tsohuwa a can, Mama Yendube, wadda ta fi kowa sanin dahuwar burkutu irin ta da. Dokarta ita ce namiji ba ya tsallake ƙofar gidanta idan tukunya na kan wuta. Shekara shida Dokta yana zuwa yana tsayawa a waje. Yana son idon mace a ciki. Na ce Allah Ya kiyaye. Sai ga Baba da kansa, da ya ji ana maganar tafiya, ya ce, “Ki bi mijinki mana. Ki je ki ga abin da suke yi da dawa a can, ki zo mana da labari.” Dole na tashi na haɗa kaya.

Kwana uku na yi a gidan Mama Yendube, da mayafina da carbina. Dokta na zaune a kan benci a waje da littafi a cinya, ni ina shiga ina fita kamar 'yar aike.

“Kumfar fara ce ko ja?”

“Kumfa ce dai.”

“Koma ki duba.”

Tsohuwar ta gaji da ganina, ta ce (Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta), “Hajiya, mijinka wannan, bai saya ba, bai sha ba, tambaya tambaya kawai. A gida ma haka yake yi maka?” Na ce har ya fi. Ta ce, “Sannu.” Daga nan muka shirya.

Gaskiya na ga aiki. Matan nan suna jiƙa dawa, su bar ta ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su tace, su sake dafawa, hayaƙi na cin idonsu tun safe. A rana ta uku aka sauke wani ruwa ja-ja-ja, aka bar shi ya huce. Ƙamshinsa kamar an dafa zuma. Mama Yendube ta ɗebo a ƙwarya ta miƙo min. Na ja da baya. Ta ce, “Ka sha, wannan yara ma suna sha. Bai zama ba tukuna.”

Na fita na tambayi Dokta. Ya ce, “Yanzu kunu ne, ba a sa masa komai ba. Amma ki lura, abin da ke juya shi…” Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya shiga bayanin zafi da awoyi da irin mazubi. Ni “kunu ne” kawai na ji. Na bar shi yana yi wa benci lacca, na koma ciki. Ƙwarya uku na sha. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma ba zan ɓoye ba.

A nan ne wayona ya motsa. Na ce ga shaida ta samu. In na kai wa Baba wannan, na ce ga abin da ake yi da dawa a Dapaong, ga binciken Dokta, ai maganar ta zauna ke nan har abada. Na zagaya bayan danga, na tarar da jarkoki a jere, irin waɗanda suke kaiwa kasuwa. Na zaɓi mai kyau, na ɗauraye sau ɗaya da ruwa kaɗan. Surukar tsohuwar ce ta cika min. Ta tambaye ni, “Yau za a sha?” Na ce yau da yamma, tunda daga Dapaong zuwa Sokodé tafiyar yini ce. Na matse murfin iya ƙarfina, na sa jarkar a buhu, na ɗaure, direba ya ɗora a saman mota. Ban gaya wa Dokta ba. Na san zai sake ɗaga yatsa.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne dimokuraɗiyya.

A Tandjouaré muka tarar an gitta itatuwa a hanya, samari na tsaye da sanduna. Muka zauna har rana ta karkata. Direbanmu mutum ne mai dabara, yana da gaisuwa iri biyu, ɗaya ta masu son canji, ɗaya ta masu son a bar abu yadda yake, sai ya leƙa fuskokin masu shinge ya zaɓa. Sau ɗaya ya zaɓi wadda ba ita ba, wannan ya ci mana awa uku. A Mango mai ya ƙare, garin kuma ba mai ko na fitila, muka kwana biyu a tasha. Duk wannan lokacin jarkata na can a saman mota, rana na gasa ta tun fitowa har faɗuwa.

A shingen Kara jandarmomi suka sa aka sauke kaya duka. Dokta na can gefe yana fama da wani da ya ga littattafansa cike da sunayen mata da ranakun kasuwa, ya rantse jerin 'yan taron sirri ne. Wani jandarman ya zo kan buhuna. Ya danna shi da yatsa, ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago ya dubi mayafina, ya dubi carbina. Sai ya yi murmushi har kunne, ya sara min, ya ce, “Hajiya, Allah Ya ba da kasuwa.” Na ce amin. (Har na ji daɗi a raina, na ce ashe har yanzu akwai masu ladabi a cikin kaki.) Na lura buhun ya yi tauri kamar ganga, yana kuma ɗan tsaki a hankali. Na ce zafin rana ne.

Rana ta uku bayan la'asar muka iso Komah. Muka tarar Baba ya tara malaman unguwa a zaure, ana addu'ar zaman lafiyar ƙasa. Har da Liman, har da ƙanin Inna, Kawu Salifu, tsohon direban babbar mota wanda tun da ya je Hajji ba ya barin sahun farko. Dokta ya shiga ya gaisa, ya zauna daga bakin ƙofa. Inna ta ce min, “Ki bari su tashi mana, ki huta.” Na ce ina, ai yanzu ne lokacinsa, makogwaronsu ya bushe da karatu.

Na jera kofuna a faranti, na ciro jarkar daga buhu. Ta kumbura, ta yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa, ko zama ba ta iya yi a ƙasa sai an riƙe ta. Na yi sallama, na durƙusa, na jira aka shafa fatiha. Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Baba, ka ce in zo muku da labari. Ga abin da ake yi da dawa a Dapaong. Wannan shi ne binciken Dokta.”

Baba ya ce, “Madalla.” Ya juya ga malamai, “Kun ji ko?”

Na ga Dokta ya dubi jarkar. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙe yana cewa, “Tsaya! Kada ki…”

Na riga na murɗa.

Murfin ya tashi ya bugi kwanon rufi, ƙara kamar an harba bindiga, har malamai biyu suka kwanta a ƙasa (kada a ga laifinsu, zamanin ne). Kumfa ta yi tsiri ta sauko a kan farar rigar Baba da rawanin Liman. Allah Ya taimake ni littattafai na can sama a kan kanta. Sai na yi abin da ya fi komai muni: na danne bakin jarkar da tafin hannu. Ruwan ya fita ta tsakanin yatsuna ya bazu hagu da dama, ya sami duk wanda bai samu ba a karon farko. A duk shekarun nan ban ga abin da aka raba wa 'yan ƙasa daidai wa daida kamar kumfar nan ba.

Wari ya cika zaure. Kowa ya san warin, amma ba mai son ya zama na farkon da ya san shi. Malamai goma sha uku suna kallon tabarma, kumfa na ɗiga daga gemu.

Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, “Kunun ne ya ɗan yi tsami.”

Kawu Salifu ya ce, “Kunu? Wane kunu? Wannan ai ta nuna sarai. Ta Dapaong ce ma kuwa, ta Kara ba ta wannan kumfar.”

Duk zauren ya juya gare shi.

“A hanya nake gani,” in ji shi, “lokacin ina tuƙi.”

Liman ya ce, “Da hanci kake gani, Alhaji?”

Baba bai yi dariya ba. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya dubi Dokta, ya ce a hankali, “Dokta, mene ne ainihin abin da kake koyarwa?”

Na sunkuyar da kai. Na tuna yaran suna wasa a tsakar gida, na fara tunanin a motar wa za mu sa katifa, kuma zuwa ina.

Dokta ya durƙusa kusa da ni, cikin jiƙar. Ya ce, “Tarihin burkutu, Baba. Yadda ake yin ta, da yadda mutane suka rayu da ita. Turawa sun sa mata haraji, wasu sarakuna sun hana, wasu sun bari, mata da yawa da ita suka yi renon 'ya'yansu. Ina rubuta abin da ya faru ne. Ko ban rubuta ba ya faru.”

“Ka taɓa sha?”

“Ko ɗigo, Baba.”

“Kai ka ce a kawo wannan gidana?”

“Ban san tana cikin mota ba.”

Baba ya juyo gare ni. “Ke fa? Kin sha?”

“Na farkon ne, Baba, mai zaƙi, wanda bai zama ba.”

“Nawa?”

“Ƙwarya uku.”

Wani daga baya ya ce, “La ilaha illallahu.” Sai Liman, yana matse rawaninsa, ya ce shi fa yana da tambaya. Idan da safe kunu ne, bayan kwana uku kuma ga abin da ya zama, to a wace sa'a ce ya tashi daga halal ya koma haram? Dokta ya ɗaga yatsa. Ya yi bayanin zafi, ya yi bayanin awoyi, ya ce jarkar da ta taɓa ɗaukar burkutu ba ta mantawa, ɗauraya ɗaya ba ta isa, guntun da ya maƙale a jikinta shi ke juya sabon ruwa. (Duk abin da ya faɗa wa benci a Dapaong ke nan, kalma da kalma.) Malamai suka matso. Wani ya tambaya, to kunun zaƙin da iyalinsa ke ajiyewa ya kwana fa? Wani ya ce furar da ta yi kwana biyu a gora fa? Hankali ya tashi. Aka rabu gida biyu, masu cewa a zubar da masu cewa a ɗanɗana tukuna, kowa na ɗaga hannu yana neman izinin magana. Shekara goma sha ɗaya Dokta na koyarwa a jami'a, ya ce min bai taɓa samun ajin da ya saurare shi kamar wannan ba.

Ni kuwa ina nan durƙushe, jiƙe sharkaf, jarka a hannu. Ba wanda ya ce in tashi.

Da aka kusa kiran magariba Baba ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce wa Dokta, “Aikin nan naka ba na son sa, kuma ba na jin zan so shi. Amma sau ɗaya na tambaye ka, ka faɗa min gaskiya a gaban mutane, alhali ka san abin da na sha faɗa. Kuma yau ka amfanar da mu. Ɗakinku na nan.”

Sannan ya dube ni. Na fi son da ya yi faɗa.

“Shi ya san abin, shekara da shekaru, bai taɓa kawo min shi gida ba. Ke kin ƙi ki sani, kin ɗauko shi tun daga Dapaong kin zuba min a ka.”

Hukuncina shi ne in wanke rigunan malaman duka goma sha uku, har da rawani, in kai kowace gidan mai ita da ƙafata, in kuma gaya wa matar gidan da bakina abin da ya ɓata rigar mijinta, don kada a zargi bawan Allah da abin da bai yi ba. Kwana huɗu ina zagaya Komah da kaya a ka. A kowane gida sai an ba ni tabarma, an kira maƙwabta, an ce in faro daga farko. Matar Kawu Salifu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta karɓi rigar ta ce, “Shi ya fara ganewa, ko?” Na ce e. Ta ce, “Bar ni da shi.”

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan za ki ji kunyar aikin mijinki, ki fara zama ki ji mene ne aikin, har ƙarshen bayanin, ko da ya ɗaga yatsa. Idan kuma kin riga kin yi ƙarya, ki bar ta haka nan ta ji da kanta. Kada ki nema mata shaida, balle ki matse bakinta ki ɗora ta a saman mota cikin rana.